Gwadon Da Na Shanya A Kan Ɗorawa

Da kakar bana Baba ya cika shekara goma sha huɗu a ƙasa. Malam Isiyaku Masaƙi, haka aka san shi a ƙauyenmu, can tsakanin Danja da Funtuwa. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in dafa sadaka in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in ci gaba da sabgata ba. Bana abin ya ƙi tsayawa nan. Juma'ar nan mai zuwa, in an sauko daga masallaci, za a zauna a ƙofar gidan mai gari a yanke ko iyalan Bello, ɗan marigayi Ardo, za su ci gaba da zama a rugarsu ta gindin dutse, ko kuwa za a tashe su. Kuma da sunan Baba ake so a tashe su. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da ban taɓa rubuta wa jarida ko layi ɗaya ba.

Baba manomi ne kamar kowa a wajenmu, amma saƙa ce sana'arsa ta gado. Da rani yana zaune a rumfarsa ta ƙofar gida, zare a miƙe har bakin hanya, ƙoshiya na kai da komo, ba ya ɗaga kai sai in sallama aka yi. Audugar gonarsa matan gida ke kaɗawa. Rabin zaren a bar shi fari, rabi a kai marina a yi ta tsomawa har ya koma baƙi wuluk. Da su yake saƙa gwado mai gida-gida, baƙi da fari, kowane gida ya kai faɗin tafin hannu. Makiyaya ne manyan masu saye. Shi ne bargonsu in sanyi ya sauko, a kansa suke salla a daji, in tunkiya ta haihu a hanya a cikinsa ake naɗe ɗan a saɓa a kafaɗa a dawo ruga.

Akwai guda ɗaya da ba na sayarwa ba ne. Yana ninke cikin adudu a ɗakin Baba, kuma na gari ne, riƙo kawai aka ba gidanmu tun zamanin kakan Baba. Bayan gidanmu akwai wata doguwar ɗorawa, daga gindinta gonaki suka fara har zuwa dutsen da Fulani ke zaune. Idan kowa ya gama girbi, an kwashe dawa, an tsince auduga, an rore wake, Baba zai bi gona-gona da ƙafarsa ya tabbatar, sannan ya rataya gwadon nan a reshen ɗorawa. Makiyaya na hangowa daga kan dutse. Ganinsa shi ne izini: ku shigo da shanu su ci kara da harawa, su bar mana taki. Ba takarda, ba ɗan aike. Na sha jin masu son dogon bayani suna cewa wai baƙin na nufin kaza, farin na nufin kaza. Baba dariya yake yi musu. Ya ce farin zane kowace mace na iya shanyawa, baƙi kuwa ba ya fita a cikin ganye, amma gida-gida ko mai hakiya ya hango ya san shi ne.

Bara babban ɗana ya nuna mini wani hoto a wayarsa. Wasu Turawa ne na wata ƙasar sanyi mai duwatsu, ƙattin maza da gemunsu, sun ɗaura irin wannan gida-gida baƙi da fari a ƙugu, iya gwiwa. Ya ce asalinsa na masu kiwon tumakinsu ne, da gashin farar tunkiya da na baƙa suke saƙa shi, kuma su ma a ciki suke naɗe 'ya'yan tumaki in sanyi ya yi tsanani. Na ce ikon Allah! Da Baba yana nan na san abin da zai yi. Zai karɓi wayar ya kai ta dab da ido ya duba ko bakin saƙar ya miƙe, sannan ya tambaya ko wando ne ya yi tsada a ƙasar. Mun yi dariya ranar ni da yaron, abin da ba mu cika yi ba. Rabonmu da dariya tare ke nan.

Ni ce ɗiyar Baba ta fari, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. "Ke" ce ni, in abin ya yi nisa "yarinyar nan". Ana yaye ni aka miƙa ni ga ƙanwarsa a Funtuwa, can na yi makaranta, can na zama malama. Al'adar gwado na san da ita, kada in yi ƙarya, amma sanin baƙo na yi mata, irin na mai zuwa da salla ya kwana biyu ya koma. Da aure ya zo, ɗan ƙauyenmu na aura, mai aiki a Funtuwa. Mahaifinsa, Alhaji, shi ke da gonar da ta fi kowace girma a bayan ɗorawa, kuma mutum ne mai zafin rai wanda ko 'ya'yansa ba sa zama in yana tsaye.

Shekara talatin da uku da suka wuce na dawo gida wankan jego. Haihuwar fari ce, namiji, saboda haka ni ma kunya ta hau kaina kamar yadda ta hau kan Baba. Ba na ɗaukar yaron a gaban mutane, ba na kallonsa. In ya yi kuka sai Gwaggo Asabe, mai yi mini wanka, ta dungure ni kafin in ba shi nono, ni kuwa in kau da kai kamar dole aka yi mini. A zuci kuwa, wayyo, ji nake kamar in haɗiye shi. Wanda bai yi jegon fari a ƙauye ba ba zai gane wannan azabar ba.

Ranar kasuwar Danja ce. Maza duk sun tafi tun da sassafe, har da Baba. Da hantsi Gwaggo da sauran mata suka fita gidan suna a ƙarshen gari, gida ya rage daga ni sai jaririn. Akwai sanyi ranar, yaron yana ta ƙananan kuka. Na shiga ɗakin Baba neman abu mai kauri, na buɗe adudu, na ga gwado. Na naɗe ɗana a ciki, na rungume shi, na yi ta kallon fuskarsa son raina, ina yi masa surutan da ko a mafarki ba zan yarda wani ya ji ba. Ina cikin haka na ji ɗumi a hannuna. Ya yi fitsari, ya ɗora da kashi, duk a kan gwadon gari.

Hankalina ya tashi, amma ku ji abin da ya tayar da shi. Ba gonaki na tuna ba, tsiyar mata na tuna. In suka dawo suka ga gwado a kan igiya a tsakar gida, za su tambaya, za su gane na ɗauki ɗan fari na yi masa gata, kuma har in tsufa ba za su bar ni in sha ruwa ba. Na wanke shi da sabulu cikin sauri, na fita ta kafar danga ta bayan gida, na wurga shi a kan reshen ɗorawa na ƙasa inda ba mai gani daga cikin gida. Wallahi ko kallon dutse ban yi ba. Kafin azahar na koma na sauke shi, bai gama bushewa ba, na ninke na mayar cikin adudu, na kwanta kamar ba ni ba.

Ashe a ɗan tsakanin nan an hango shi. Ardo da kansa ya hau dutse ya tabbatar, ya yi mamakin saurin girbin bana, amma gwado gwado ne, ba a taɓa tambaya a kansa ba. Aka saki shanu. A lokacin dawa an sare ta an kwantar, ba a yanke zangarniya ba, audugar wasu ko tsinkar farko ba a gama ba. Gonar Alhaji ce ta farko a hanyarsu. Kafin mutanen kasuwa su dawo, noman shekara guda ya shiga cikin shanu.

Da la'asar na fara jin hayaniya, tana matsowa har ta tsaya a ƙofar gidanmu. Mai jego ba ta fita, don haka na laɓe a bayan ƙyauren zaure ina leƙe. Gari ne kaf, da sanduna, da fartanyu, wasu da adda. A tsakiya ga Ardo, ya zo da ƙafarsa, hannu biyu babu ko sandar kiwo, tare da ɗansa Bello, saurayi a lokacin. Alhaji ya matso gaban Baba.

"Malam Isiyaku, ka rataya gwado yau?"

Baba ya ce, "Ban rataya ba."

Ardo ya ce, "Wallahi, Malam, na gan shi da idona."

Aka juya aka dubi ɗorawa, babu kome a kanta. Wurin ya ɗauki ihu. Wani ya kai wa Bello sanda a ka, na ga jini ya biyo ta gefen kunnensa ya sauka a rigarsa. Na ji ana cewa a kawo wuta a tafi ruga, kuma wasu samari har sun juya. Ni kuwa ina tsaye bayan ƙyaure. Kalma biyu ce ta rage tsakanin mutanen nan da mutuwa, kuma tana cikin bakina, na kasa fitar da ita.

Baba ya ɗaga hannu ya ce a dakata masa. Ya shigo, ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya shiga ɗaki. Na bi shi. Ya buɗe adudu, ya taɓa gwadon, ya ji danshi a bakinsa, ya kai hanci ya ji sabulu. Sai ya juyo ya dube ni. Wannan ne karo na farko a rayuwata da Baba ya kalle ni ido cikin ido. Na ce, "Baba, ni ce..." Bai bari na ƙarasa ba.

"Ke, koma ɗaki. Mai jego ba ta tsayuwa a iska."

Ban koma ba, na sake laɓewa. Ya fita da gwadon a hannu, ya ce, "Jama'a, Ardo bai yi ƙarya ba. Gwadon nan ya hau ɗorawa yau. A ɗakina yake, amanata ce, laifin nawa ne." Aka ce ai yanzu-yanzu ka ce ba ka rataya ba! Ya ce ya faɗa, yanzu kuma ga abin da yake faɗa. Aka ce to wa ya rataya? Ya ce shi ke da ɗaki, shi ke da adudu, duk mai tambaya shi zai tambaya, duk mai duka kuma ga shi. Daga nan ya durƙusa ya naɗe kan Bello da gwadon, ya zauna a ƙasa kusa da Ardo. Ba wanda ya iya ɗaga sanda a kan Malam Isiyaku. Liman ya samu kafar shiga, aka yi ta ja-in-ja, kafin magariba aka watse, ba a kai wuta ruga ba.

An tsira da rai, amma Baba ya biya da abin da ya fi so. Ya buɗe rumbunsa ga waɗanda aka ci wa gona, shekarar nan gidanmu da ƙyar aka ga damina. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya ci shi shi ne da mai gari ya ce ba za a ƙara yarda da gwado daga hannunsa ba. Aka ba wani riƙon alamar, aka saƙa sabo a wani gari, bayan 'yan shekaru abin ya bi ruwa gaba ɗaya. Mutumin da ake rantsuwa da maganarsa ya koma wanda ya faɗi magana biyu a wuni ɗaya. Alhaji ya shekara bakwai ba ya amsa sallamarsa.

Ranar da na yi arba'in zan koma ɗakina, na durƙusa a bakin ƙofarsa na ce ya bar ni in faɗa. Yana zaune ya ba ni baya, yana kwance zare. Ya ce Alhaji ba zai taɓa yafe wa matar ɗansa ba, amma shi Baba, dole Alhaji ya haƙura da shi wata rana, tare aka yi musu kaciya. Ya ce, "Tashi ki tafi ɗakinki. Ban yarda ki ɗaga maganar nan ba." Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakanina da mahaifina. Na bi umarninsa yana raye, na bi bayan ya rasu. Amma kada in yi wa kaina kwalliya: ba biyayya ce kaɗai ba. Shirun ya yi mini daɗi. Aurena ya zauna, na haifi shida, na yi aikina har na ajiye, ana ce mini Hajiya, shi kuwa ya tsufa da tabon da ba nasa ba.

Da Baba zai tashi yau ya leƙa bayan gida, ban san ta ina zan fara yi masa bayani ba. Ɗorawa na nan, rumfar saƙa ta rushe. Ba mai jiran shanu su kawo taki, na buhu ake saye. Dutsen da ake hangen gwado daga kansa, yanzu mu ne ke hangensa, da faɗuwar gaba, ko za a ga babura sun ɓullo. Mutum zai tafi gona ya yi sallama da iyalinsa kamar mai tafiya Makka. Na san zai fara tambaya, to Ardo fa, ina iyalinsa? Sai in ce masa saura Bello, ya yi furfura, tabon yana nan a gefen kunnensa, shi ma 'yan daji sun kore masa fiye da rabin garke, amma a kasuwa in ya tsaya wuri sai mutane su dare.

Babban ɗana, wanda aka yi wa wancan jegon, shi ya koma ƙauye yake noma gonar kakansa Alhaji. Ba zan ce ba shi da abin fushi ba. An kwance masa shanun huɗa biyu. Abokinsa na ƙuruciya a gona aka harbe shi, shi ya ɗauko gawar a bayan babur. Tun daga ranar idonsa ya sauya. Makon jiya wata 'yar'uwa ta turo mini saƙon murya da ke yawo a wayoyin mutanen garinmu, na kunna, sai na ji muryar ɗana. Yana cewa, "Tun zamanin kakana suke yi mana haka. Da gangan suka saki shanu, ba wani gwado da aka rataya. Kakana Malam Isiyaku ya rufa musu asiri don Ardo abokinsa ne, ya ɗauki laifin da ba nasa ba har ya mutu da baƙin ciki. Mu ba za mu maimaita kuskurensa ba." Na saurara sau uku.

Ni ban san abin da ke faruwa a daji ba. Ban san wa ke kai labari, wa ke kai abinci ba, kuma ba zan yi rantsuwa a kan abin da ban gani ba. Wanda aka kama da laifi a kai shi gaban hukuma. Amma in hujjar tayar da tsoho da matansa da jikokinsa ita ce wai ubansa ya yi ƙarya shekara talatin da uku da suka wuce, to wannan kam na sani, na fi kowa sani a duniya. Ardo bai yi ƙarya ba.

Za a ce me ya hana ki kira ɗanki ki gaya masa? Na kira, sau biyu. Muka gaisa, na tambayi yara, na tambayi gona, na kashe. Ɗan fari ne. Shekara talatin da uku ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ba, yadda Baba bai yi da ni ba. Kunyar da ta sa na ɓoye gwado a bayan gida ita ce dai ta riƙe mini harshe a waya, kuma na gaji da ita. Ballantana maganar ta riga ta wuce kunnensa shi kaɗai, tana cikin wayar kowa. Maigidana kuwa, na karanta masa wannan kafin in aika. Gonar mahaifinsa ce aka cinye, kuma yau ya fara ji. Da na gama sai ya tambaye ni ƙarfe nawa za mu kama hanya ranar Juma'a.

Na zauna na duba abin da ya rage na Baba. Sana'arsa ba wanda ya gada. Al'adar da ya riƙe ta mutu tun yana raye. Sunansa ma, ga shi ana so a ɗaura shi a bakin sanda. Abin da ya rage shi ne mutanen da ke numfashi a gindin dutsen nan saboda ya zauna a ƙasa ranar, sai kuma tsohon gwadon, wanda da aka raba kayansa ni na roƙa aka ba ni, ba wanda ya tambayi dalili. Jinin Bello yana nan a gida uku na farin, ya koma ruwan ƙasa, ban taɓa wanke shi ba. Baba, ka hana ni magana don ka tsare aurena da ran mutane. Auren ya tsaru. Yanzu shirun nan shi zai kore su, don haka ka yafe mini, yau na saɓa maka.

Ranar Juma'a zan zo ƙofar gidan mai gari da gwadon a hannuna. Na san mata ba sa zama a wurin, tsayuwa zan yi. Kai kuma, kafin ka buɗe baki a gaban jama'a, ka karanta wannan da kyau, domin kai ne a naɗe cikin gwadon nan ranar, kai ka ɓata shi, ni na wanke, don ina son ka kuma ina jin kunyar a sani.

Lawal, ɗana, ni ce na shanya shi.